Hanyar da Dokin Sarki Ke Bi

Assalamu alaikum, ɗana. Ya aiki, ya fama da cunkoson Apapa? Allah Ya yi jagora.

Saƙonka ya same ni tun daren Talata. Ban amsa nan take ba don tambayar ba ta tsaye ba ce. Na bari sai yau da muka gama sauke huhunan goron da suka iso daga Shagamu, yara suka shiga tsinta, ni kuma na sami gefe na zauna. Ka ce a wurin aikinku kun kalli hawan Sallar Kano a waya, sai wani abokin aikinka ya ce ai Turawa ne suka ƙirƙiro shi don su sha kallo, kai kuwa ka rasa ta cewa. Ka tambaye ni ko gaskiya ne. Ka kuma ce, tunda sallar idi raka'a biyu ce, kafin hantsi an gama, me ya kawo kwana huɗu ana hawa, kowace rana da sunanta? Sannan ka ƙara da wadda ta fi tsaya mini a rai, ka ce kai da aka yanke wa cibiya a Agege, ina ruwanka da dawakin Kano.

Na ji daɗin tambayar, na kuma ji zafinta. Sau biyu kacal aka taɓa kai ku gida da Sallah, kuma duk kuna ƙanana. Mu iyayenku muka biye wa kasuwa, don lokacin Sallah ne goro ke tafiya, muka bar ku kuna sanin garinku ta cikin waya. Wannan nauyin a wuyanmu yake, shi ya sa zan tsawaita, ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe.

Abokin naka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, gefen magana ya tsinta. Akwai abin da ake kira daba. Kalmar ma ba tamu ba ce, Turawan Ingila ne suka zo da ita daga Indiya, inda suka saba tara sarakuna a yi wa babban baƙo taro. An yi irinta a Kano a 1925 da Yariman Ingila ya zo, an yi a Kaduna a 1956 don Sarauniya Elizabeth, an kuma yi a Kadunan a 1977 lokacin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, ina nan Ikko, wato Legas, a lokacin. Daba ita ce a tara sarakunan ƙasashe dabam-dabam a fili guda, su bi layi su wuce ta gaban rumfar baƙo. Hawan Sallah kuwa sarki ɗaya ne a cikin garinsa, yana ratsa unguwannin talakawansa, kuma ya girmi zuwan Bature da ɗaruruwan shekaru. A cikin kwanakin nan huɗu, ɗaya ce za a iya cewa zamanin Turawa ya haifar, zan zo kanta.

Sai dai ba za ka gane hawan ba sai ka san ƙasar da kofaton dokin ke takawa.

Kai da ka tashi tsakanin teku da gada, ka sa a ranka wani shimfiɗaɗɗen fili na jar ƙasa, iya ganinka ba tudu, sai duwatsu biyu da suka miƙe a tsakiya, Dala da Goron Dutse. A gindin Dala garin ya tsiro. Dutsen na da tama, masu binciken ƙasa kuma sun tono alamun narka ƙarfe a wurin da suka kai fiye da shekara dubu. Ga ƙarfe na yin fartanya da mashi, ga tudun hango abokin gaba tun daga nesa, ga rafin Jakara na ratsawa ta kusa, ga ƙasar noma mai albarka kewaye. Me kuma mutum ke nema? Mutanen farko maguzawa ne, babbansu Barbushe, abin bautarsu Tsumburbura. Littafin Tarihin Kano, wanda daga cikinsa ake samun jerin sarakunan, ya kawo Bagauda a matsayin sarki na farko, masana kuma suka lissafa hawansa a shekarar 999. Jikansa Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa.

Ganuwar nan, ɗana, ita ce Kano. Ƙasa ce zalla aka tara da hannu da kwando, zamani bayan zamani ana faɗaɗa ta, ramin da aka ɗebi ƙasar kuma ya zama gwalalo a bayanta, ya ƙara wa mahari wahala. Kuma ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. Da gangan aka bar gonaki masu faɗi a cikinta, musamman ta yamma, don ko an yi wa gari ƙawanya wata da watanni, mutane su yi shuka su girbe ba tare da sun leƙa waje ba. Kududdufan da ke cikin birni su ma ba banza suka samu ba, daga nan aka haƙi ƙasar tubali, da damina kuma su suke shanye ruwan sama. Yau an cike da yawansu an yi gini a kai, shi ya sa za ka ji ruwa ya shiga gidajen mutane a unguwannin da da ba a san haka ba. Ganuwar kanta an yanka ta filoti-filoti, wani wurin shaguna, wani wurin juji. Zuwana na ƙarshe na tsaya a inda muke hawa muna yara, muna hango jirgin ƙasa, na tarar ba abin hawa. Ban iya cewa komai ba, na koma mota.

Ƙofofin dai suna nan, ko da yawancinsu an sake su da siminti: Ƙofar Nassarawa, Ƙofar Mata, Ƙofar Wambai, Mazugal, Ƙofar Ruwa, Dawanau, Waika, Kansakali, Kabuga, Dukawuya, Gadon Ƙaya, Na'isa, Ɗan Agundi, da waɗanda aka huda daga baya irin su Sabuwar Ƙofa da Ƙofar Famfo. Kowace da sarkin ƙofarta, da dare a rufe, wanda ya makara ya kwana a waje. Wannan ne dalilin abin da ka taɓa yi mini ƙorafi a kai, cewa in ka ce wa dattijo a Zangon Agege kai Bakano ne, ba ya ƙyale ka sai ya ce, daga wace unguwa, ta wace ƙofa ake shiga gidanku? Ba tsugudidi yake ba. Da ka faɗi ƙofa da unguwa ya san sana'ar kakanninka, ya san malaman da suka karantar da su, wataƙila ma ya san wanda ya aurar da kakarka. Amsarka ita ce Koki, ta Ƙofar Mazugal ko ta Wambai, fataken goro. Ka riƙe ta.

Wanda ya mai da garin babban birni na sosai shi ne Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Musulunci ya riga shi shigowa fada, tun zamanin Sarki Yaji da Wangarawa suka zo daga Mali, amma Rumfa ne ya yi masa gida. Ya faɗaɗa ganuwa, ya tashi daga tsohon mazaunin sarauta ya gina sabuwar fada a kudu, wadda har gobe Gidan Rumfa ake ce mata kuma a cikinta sarki yake. Ya kafa Kasuwar Kurmi. Ya kafa majalisar da ake kira Tara ta Kano. A zamaninsa Shehu Magili ya sauka a garin, ya rubuta masa littafi kan abin da ya wajaba a kan mai mulki, zuriyarsa kuma suna nan a unguwar Sharifai. Kakakin da ka ji yana tashi a wayar, da figinin gashin jimina da ake yi wa sarki fifita da shi, da takalmin gashin jimina, da dawakin zage da ake ja ba kowa a kansu, duk ga Rumfa littafin tarihin ya jingina su. Kuma a zamaninsa aka fara sallar idi a Kano. To ka lissafa da kanka, daga Rumfa zuwa watan Fabrairun 1903 da sojan Ingila suka fasa garin, shekara nawa ke nan? Wannan kaɗai ya ishe ka amsa wa abokin aikinka.

Jihadi ya zo, sarautar Haɓe ta ƙare a kan Alwali a 1807, aka naɗa Malam Sulaimanu, bayansa Ibrahim Dabo daga 1819 zuwa 1846, wanda zuriyarsa ke kan gadon har yau. Shi ne Dabon da ke cikin kirarin nan, Kano ta Dabo tumbin giwa, yaro ko da me ka zo an fi ka. Gidan sarauta ya sauya, amma Dabo ya zauna a Gidan Rumfa, ya ɗauki sarautu da kayan sarautar da ya tarar. Shi ya sa hawan bai yanke ba.

Yanzu ka bi dokin.

Ranar Sallah da safe babu doki ma tukuna. Sarki da ƙafa yake fitowa, cikin fararen kaya, ya taka har filin idi na Ƙofar Mata, ya tsaya a bayan liman kamar kowa. Sai an sallame, an yi huɗuba, sannan a jawo doki, a buɗe laima, tambari ya amsa, kakaki ya tashi. Masu ɗaukar hoto ba su cika damuwa da tafiyar ƙafan ba don ba ta da ƙyalli, ni kuwa ita na fi so a nuna muku. Wanda zai hau sama da kowa da hantsi, da sassafe bawa ne mai zuwa gaban Ubangijinsa da ƙura a ƙafa.

Daga nan ba ya miƙewa gida ta gajeriyar hanya. Sai ya kutsa cikin tsofaffin unguwanni, inda lungu ke matsewa har laima ta kusa taɓa indararo, mata a kan soraye suna guɗa, maza na ɗaga hannu suna jinjina, "Ranka ya daɗe," dogarai cikin ja da kore suna amsawa, "Sarki ya gaishe ku." Shi bakinsa a rufe da amawali, hannu kawai yake ɗagawa. A gabansa hakimai ne, kowa da jama'arsa da makaɗansa da irin adonsa, sun baro garuruwansu tun kafin Sallah sun sauka a gidajensu na birni. A da, wannan ƙidaya ce. Nan sarki ke ganin wane hakimi ya zo da doki nawa, wa ya yi ƙiba, wa ya rame, wa kuma bai zo ba sam, don rashin zuwa ba tare da uzuri ba magana ce babba. 'Yan lifidi da 'yan sulke da ka gani suna tafe kamar an naɗe su da katifa, kayan yaƙi ne na gaske, tun zamanin Sarki Kanajeji ake ambatonsu. 'Yan bindiga kuma suna ta ɓarin albarushi har ƙasa na girgiza. A zamanin yanzu sarki kan tsaya a Gidan Shettima su gaisa da gwamna, sannan ya yi wa jama'a jawabi, ya ja kunne kan noma, kan sa yara makaranta, kan zaman lafiya.

Kashegari da la'asar sai Hawan Daushe. Kai ɗan gidan goro ne, na san da ka ji daushe hankalinka zai tafi ga tsohon goron da ya kwana ya yi daɗi. Sunan ne kawai ya zo ɗaya. Wannan shi ne hawan da ya fi kowanne ado da cika, shi ne wanda baƙi daga ƙasashen waje ke zuwa kallo, kuma na tabbata shi kuka gani a waya. Amma ka san ina duk wannan runduna ta dosa? Gidan tsohuwa guda. Babban Ɗaki, gidan mahaifiyar sarki, wadda ake kira Mai Babban Ɗaki. Dubban dawaki, hakimai da rawunansu, 'ya'yan sarki da rawani mai kunne biyu, duk su yi cirko-cirko a waje, sarki ya sauka daga kan doki ya shiga ya gai da uwarsa da Sallah.

Shekarar da aka naɗa Ado Bayero, 1963, ina ɗan shekara tara. A ɗaya daga cikin hawan farko-farkon sarautarsa kakanka, Allah Ya jiƙansa, ya saɓa ni a kafaɗa a cikin turmutsitsin nan don in gani. Ina ta tambayarsa me aka tsaya jira, ga rana na faɗuwa, ga dawaki na haniniya. Ya ce mini, "Sarki ya shiga gai da babarsa. Ka gani ko? Shi ma yana da wadda yake durƙusa wa." Shekara sittin da wani abu ke nan, na manta kalar rigar da sarki ya sa, na manta dokin, ban manta wannan ba. Sai bayan ya fito ake zarcewa Ƙofar Kudu, gaban fada, sarki ya tsaya, hakimai su riƙa sukuwa ƙungiya-ƙungiya har gabansa, su ja linzami doki ya turje, su ɗaga hannu su yi jafi. Wannan sukuwar ita ake sa wa a talabijin. Ita kuwa ziyarar da ta haifar da fitar, ba mai ɗaukarta, don a cikin gida ake yinta.

A nan zan faɗa maka abin da ke damuna, tunda magana ta kawo. Shekara hamsin ina zaune da Yarabawa. Yaron Bayarabe, ko da digiri nawa, ko a bakin titi ya haɗu da uwarsa zai zube ƙasa ya gaishe ta, macen kuma ta durƙusa har gwiwa. Namu yaran na Agege da Idi-Araba sai ka ga ɗa ya shigo yana danna waya, ya ce wa uwarsa "ina kwana" a tsaye kamar ya ga sa'arsa. Suna tsammani durƙuson na Yarabawa ne, ko na ƙauyawa. Ina ma a ce sun taɓa tsayawa a ƙofar Babban Ɗaki sun ga gari guda na jiran mutum ɗaya ya gama gai da tsohuwarsa.

Rana ta uku Hawan Nassarawa, ita ce wadda na ce zamanin Turawa ya haifar. Da suka zo a 1903 Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Daga baya suka kama shi, ya ƙare rayuwarsa a Lakwaja, suka naɗa Abbas. Su kuma ba su zauna cikin birni ba, suka kafa mazauninsu a gabas, bayan ganuwa, wajen Nassarawa da Bompai. Sai ya zama da Sallah sarki kan fita ta Ƙofar Nassarawa ya je su gaisa da Razdan, Baturen da ke riƙe da lardin. Ba zan ɓoye maka ba, asalin wannan fita akwai ɗaci a cikinta, don mai gari ne ke zuwa gai da wanda ya ci garinsa. Bature ya tafi, gwamna ya maye gurbin Razdan, fitar ta ci gaba. Sarki kan biya ta gidansa na Nassarawa, inda kaburburan wasu sarakuna suke, nan aka binne Ado Bayero a 2014, ya yi musu addu'a, ya je gidan gwamnati, sannan ya zaga ta Sabon Gari da Fagge kafin ya koma cikin birni.

To ka lura da wannan zagayen, don a nan amsar tambayarka ta ƙarshe take. Su wa ke Sabon Gari? Inyamurai da Yarabawa da sauran mutanen kudu da jirgin ƙasa ya kai. Layin dogo ya isa Kano a 1911, aka buɗe shi sosai a 1912, ba da jimawa ba aka yanka musu unguwar. Fagge kuwa tun da can zangon ayarin raƙuma ne. Ranar Hawan Nassarawa za ka ga Inyamuri ya rufe shagonsa ya fito da iyalinsa bakin titi yana ɗaga wa sarki hannu, sarki na amsawa. Abin da ya faro da gaisuwar dole ya juye ya zama ranar da mai gari ke fita bayan ganuwa ya duba baƙinsa.

Kuma riƙon baƙo ba Bature ne ya koya wa Kano ba. Shiga cikin birnin ka karanta sunayen unguwanni. Zangon Barebari na mutanen Barno. Tudun Nufawa na Nufawa. Agadasawa na mutanen Agadas. Dandalin Turawa, Turawan nan ba na Ingila ba ne, Larabawan Tarabulus da Gadamas ne da suka ratso Sahara da hajarsu, don su aka fara kira da wannan suna. Madabo ta malaman Wangarawa. Sannan akwai Ayagi, unguwar Yarabawa ce a tsakiyar birnin Kano, a cikin ganuwa, tun kafin Turawa, jikokinsu yau Kanawa ne ba mai tambayar su takarda. Kowace ƙungiya ta zo da sana'arta, aka ba ta wuri, aka naɗa mata mai unguwa daga cikinta, shi ke kai kukanta fada, shi ke kawo mata umarnin fada. Da haka Kurmi ta cika, da haka baƙin rini na marinar Ƙofar Mata da jar fatar Kano suka kai har bakin Bahar Rum.

Mu nan Ikko, mu ne mutanen Ayagi. Sarkin Hausawan da kake gani ana naɗawa a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12, wanda ku samari kuke cewa sarautar me ce ba ƙasa, aikinsa aikin mai unguwar Ayagi ne: in yaronmu ya yi laifi a san wanda za a kira, in an zalunci namu a san wanda zai je gaban masu gari, in baƙo ya sauka daga mota ba shi da kowa a san inda za a kai shi ya kwana. Garin yana da masu shi. Akwai Oba na Legas a fadarsa ta Iga Idunganran a Isale Eko, Agege ma da nata sarakunan gargajiya. Yadda muke so sarkinmu ya riƙe Bayaraben Ayagi da Inyamurin Sabon Gari, haka muke fatan a riƙe mu, yadda kuma muke so su girmama fadarmu, haka ya wajaba mu girmama ta nan. Ikko ma ai ta san abin da ake nufi da tsohon babban birni, ita ce hedikwatar Najeriya har zuwa Disambar 1991 da aka koma Abuja. Gwamnati ta kwashe kayanta ta tafi, garin bai ragu da komai ba, don kasuwa da mutane ne suka riƙe shi.

Kuma ba jiya muka zo ba. Tun a 1863 Gwamna Glover ya ɗebi Hausawa aikin soja a garin nan, zaman Hausawa a Obalende daga irin waɗannan sojoji ya samo tushe. Mu kuwa goro ne ya kawo mu. Kakannin kakanninka da jakuna suke zuwa Gwanja, a ƙasar Gana ta yau, tafiyar watanni, su kai baƙin rini da kanwa su dawo da goro. Da jirgin ruwa da na ƙasa suka samu, sai hanya ta juyo: a ɗauko goro ta teku a sauke a Ikko, a loda a Iddo, ya sauka Kano cikin kwanaki. Alhassan Ɗantata, wanda shi ma gidansa a wajenmu yake, yana cikin waɗanda suka fara bin wannan hanya tun kafin ya shiga harkar gyaɗa. Daga baya manoman ƙasar Yarabawa suka dasa irin goron da muke ci, a Agege da Shagamu da sauran wurare, fatake suka daina wahalar zuwa nesa, suka kafa zango kusa da gona. Ka tambayi duk Bayarabiyar da ke kawo mana kaya sunan wannan goro, za ta ce maka gbanja. Gwanja ce ta koma haka a bakinsu. Ni ma jirgin nan ne ya sauke ni a Iddo a 1974, da akwatin ƙarfe da wasiƙa zuwa ga ƙanen kakanka. Ruwanka da dawakin Kano ke nan. Unguwar da aka haife ka reshe ce ta Kurmi da ya miƙo kudu.

Rana ta huɗu ba ta da dogon bayani. Sarki kan fita bayan gari ya wuni, a ƙaramar Sallah zuwa Ɗorayi, a babba zuwa Fanisau, da yamma a dawo. Fanisau tana arewa da birni, nan Dabo ya yi sansani lokacin da yake fama da Ɗan Tunku da ya yi masa tawaye, a nan ma Baturen nan Clapperton ya same shi a 1824. Ka ga an gama zagaye ke nan: masallaci, ɗakin uwa, unguwar baƙi, bakin daga.

Na ji an ce a ƙarshen 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Madalla. Amma a 'yan shekarun nan an sha dakatar da shi, an fasa a shekarar korona, an kuma fasa saboda rikicin sarautar da ka sani. Ba zan shiga wannan da kai a rubuce ba, kowane ɓangare akwai mutanen da nake jin kunya. Abin da na sani shi ne duk Sallar da ba a hau ba, akwai masu ɗinkin kayan doki da majema da maɗinka rawani da masu kakaki da suka yi asarar shekara, akwai kuma yaro ɗan shekara tara da ba a saɓa a kafaɗa ba.

Saboda haka ga abin da nake so. Ka nemi hutu tun yanzu, ka haɗa da kwana uku kafin babbar Sallah. In an tabbatar za a hau, ni da kai za mu tafi, na riga na yi magana da mahaifinka, shi zai tsare rumfa bana. Kashegarin isarmu da asuba, kafin rana ta yi zafi, za mu hau Dala, in nuna maka Goron Dutse, da hasumiyoyin babban masallaci, da Gidan Rumfa a bayansa, da abin da ya rage na ganuwa, don ka ga hanyar daga sama kafin ka bi ta da ƙafa. Daga nan mu sauka Gidan Makama, inda aka mai da gidan tarihi, mu ratsa Kurmi, in kai ka ka gai da gwaggonninka a Koki. Ka zo da manyan kaya da hula, ban da gajeren wandon nan, kuma ka zo da takalmin da ba ya wuyar cirewa don za ka cire shi a zaure da yawa. Ranar Daushe ba za mu nemi kujera a rumfar baƙi ta Ƙofar Kudu ba, a hanyar Babban Ɗaki za mu tsaya. Abokin aikin naka ma in yana so ya zo, akwai ɗaki a gida, ka gaya masa Baffanka ne ya gayyace shi.

Ka biyo ta Agege ranar Juma'a bayan an sauko. A cikin kayan yau an sami fari mai kyau, marsa, na ware ƙwarya guda na mahaifiyarka. Ban ba yaro ya kai ba, kai nake so ka kai mata da hannunka.

Baffanka.